Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Tarbar Wanda Damuwa Ta Kai Shi Bango

Tambaya: Na gama makarantar koyon aikin lafiya, yanzu ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu. Wata ƙungiya ta ce za ta horar da masu ba da shawara ga mutanen da suka shiga matsanancin halin damuwa, ni kuma ina sha'awa. Baba ya ce aikin kula da mahaukata ne, wata rana wani zai ji mini ciwo. Ƙawata kuma ta ce ai nasiha ce kawai, kowa ma zai iya. Don Allah mene ne gaskiyar aikin nan, kuma wane karatu yake buƙata? Daga wata mai karatu a jihar Katsina.

Amsa: Baba yana da hujjar jin tsoro, za mu zo kansa. Amma maganar ƙawarki zan fara ɗauka, domin kuskurenta ya fi yaɗuwa a cikinmu, kuma ya fi cutar da mutane.

Aikin nan ba nasiha ba ce. Mu Hausawa mun iya nasiha, tana da wurinta, ba na raina ta. Sai dai wanda za a kawo miki a irin wannan aiki yawanci ya riga ya sha nasiha har ta ishe shi. Matar da aka saka da 'ya'ya biyar, ta kwana uku ba ta runtsa ba. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa karo na uku ya kulle kansa a ɗaki. Manomin da 'yan bindiga suka kashe ɗansa a gabansa, yanzu ko ƙarar babur ya ji sai jikinsa ya hau rawa. Kowannensu an ce masa "ka yi haƙuri" daga uwa, daga maƙwabci, daga liman. Maganar gaskiya ce, amma idan ta zo tun kafin mutum ya faɗi abin da ke cinsa, abin da yake ji a cikinta shi ne "yi shiru". Sai ya yi shirun, ya koma ciki da abinsa. Aikinki shi ne ki zama wadda ba ta yi masa gaggawa ba. Ki zauna, ki bari ya yi magana har ya kai ƙarshe, ko da kuka ya katse shi, ko da ya faɗi abin da kunne ba ya son ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai nuna miki wurin ba sai ya tabbata ba za ki yanke masa hukunci ba.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan littafin jagora kan agajin farko ga wanda ya shiga firgici, ta tattara aikin a kalmomi uku: duba, saurara, haɗa. Duba ko akwai haɗari a wurin da kuma wa ya fi buƙatar taimako, saurari mutumin, sannan ki haɗa shi da abin da zai riƙe shi bayan kin tafi, wato danginsa, likita, abinci, matsuguni, ko hukuma. Na ukun nan ne masu farawa suke mantawa. Sai mutum ya ji daɗin an saki jiki da shi, ya ɗauka shi kaɗai ne zai warkar da mai damuwa. A'a. Ke ta sa'o'in farko ce da kwanakin farko. Burinki mutumin ya kai gobe da ransa, hankalinsa ya ɗan kwanta, kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yanzu ga wurin da ya fi nauyi, kuma a nan nake so ki tsaya ki auna kanki. Za ki riƙa tambayar mutane kai tsaye ko suna tunanin kashe kansu. Ba da habaici ba, ba da kewaye-kewaye ba. Za ki ce: "Na ji irin nauyin da kike ɗauke da shi. Shin kin taɓa tunanin ki kashe kanki?" Da yawa suna tsoron cewa wannan tambaya ce za ta saka wa mutum tunanin. Binciken masana ya nuna ba haka ba ne. Wanda bai da tunanin zai ce miki a'a, wanda yake da shi kuwa sau da yawa ajiyar zuciya yake yi, domin yau ne aka fara ba shi damar faɗa. Idan ya ce e, sai ki ci gaba a natse: ya tsara yadda zai yi? Abin yana hannunsa? Ya taɓa gwadawa? Idan amsoshin suka nuna haɗari na kusa, ba a barinsa shi kaɗai, ana kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga gidan, musamman magungunan ƙwari na gona da tarin ƙwayoyin asibiti, sannan a kai shi ga likita a ranar. Kada ki raina wannan kawarwa. Sau da yawa matsanancin halin yana zuwa ne ya wuce cikin ɗan lokaci, kuma ƙasar Siri Lanka ta ga yawan masu kashe kansu ya ragu ƙwarai bayan ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya guba. A duniya mutum fiye da 700,000 ne suke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu a nan ba a faɗa, saboda kunya da kuma sanin girman haramcin abin a addini, amma rashin faɗa bai sa babu ba. Kuma wanda ya zo miki ya san haramun ne, ba ya buƙatar ki tuna masa da wuta a wannan daren. Imanin nasa ma yana cikin abubuwan da suka riƙe shi har ya iso gabanki. Ki taimaka masa ya ƙara riƙo da shi, cikin tausasawa.

Akwai wani ƙulli na doka da ya kamata ki sani. Kundin Penal Code da Arewa ta gada, a sashe na 231, da kundin Criminal Code na Kudu, a sashe na 327, sun sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffukan da ake iya ɗaure mutum har shekara guda a kansu. Wannan tsoro yana hana iyalai kai mutum asibiti da wuri. Ƙasar Gana ta soke irin wannan tanadi a 2023, likitocinmu ma sun daɗe suna kira a yi haka, kuma ina tare da su: wanda ya kai wannan hali jinya yake buƙata, ba kurkuku ba. A ɗaya ɓangaren an samu ci gaba, domin a Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Ki nemi dokar ki karanta.

Karatun da kika yi na lafiya zai yi miki rana fiye da yadda kike zato, domin ba duk wanda ya rikice ne yake da ciwon ƙwaƙwalwa ba. Mutumin da ya fara sambatu kwatsam ga zazzaɓi mai zafi, ko wuyansa ya sanƙare, ko mai ciwon suga da ya fita hayyacinsa, wannan ba zaman saurare ake yi da shi ba, asibiti ake ruga da shi, don yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko faɗuwar suga. Haka mai jego da ta daina barci a makonnin farko bayan haihuwa, tana jin muryoyi ko tana tsoron jaririnta: gida za a ce iska ce ta shafe ta, amma ciwo ne sananne, yana da magani, kuma na gaggawa ne saboda ita da jaririn. Ga kuma matasan da shaye-shaye ya birkita. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk waɗannan za su biyo ta ƙofarki. Ba ke za ki rubuta musu magani ba, amma ke za ki gane wane ne na likita yanzu-yanzu.

To, tsoron Baba. Ki gaya masa cikin ladabi cewa mafi yawan masu ciwon ƙwaƙwalwa ba sa dukan kowa. Su aka fi duka, su aka fi ɗaurewa. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Duk da haka haɗari yana nan, musamman ga wanda yake cikin maye ko wanda ya firgita yana ganin kowa maƙiyi ne, kuma horo na gari yana koyar da yadda ake kiyaye kai. Ba a zuwa gidan mutum kai kaɗai. Ana zama ta wajen ƙofa. Ana sallamar 'yan kallo, domin taron jama'a da ihu su suka fi tunzura mai rikici. Ana magana da murya ƙasa-ƙasa, ba a musu da shi kan abin da yake gani ko yake ji, ba a kuma yi masa ƙaryar cewa ana gani. Idan akwai makami, aikin ya wuce naki, sai a ja da baya a kira taimako. Duk ƙungiyar da ba ta da irin wannan tsari a rubuce, kada ki karɓi aikinta.

Maganar karatu ba ta da tsawo. Hanyoyin shiga sun haɗa da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ko aikin jin daɗin jama'a, ko fannin jagoranci da ba da shawara da ake koyarwa a tsangayoyin ilimi, ko kuma aikin jinya sannan ƙarin horo a jinyar masu taɓin hankali. Ga mai aikin lafiya a matakin farko irinki, ki tambaya ko horon nasu ya ginu a kan mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin koya wa waɗanda ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane ciwon damuwa, farfaɗiya, rikicewar hankali da haɗarin kashe kai. Dalilin shirin a fili yake: likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, asibitocin ƙwararru kuwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri sun yi wa mutumin ƙauye nisa.

Kada kuma wani ya ce miki baƙon abu ne aka kwaso daga Turai. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. A Zimbabuwe kuma likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi sosai. Abin da nake so ki ɗauka daga Lambo shi ne kada ki yi gaba da malamai. Iyali za su kai mutum ruƙiyya ko kin so ko kin ƙi, kuma addu'a ba ta hana magani, addini ma ya yi umarni da neman magani. Limamin da ya yarda da ke zai turo miki mutanen da ba za su taɓa zuwa da kansu ba. Inda za ki tsaya kai da fata shi ne duka, ɗauri, horon yunwa, da hana mutum shan maganin likita.

Sai sirri. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya da za ta fita daga bakinki a gidan biki tana iya kashe auren yarinya, ta kuma rufe ƙofarki har abada. Ko mijinki, ko mahaifiyarki, ba su da rabo a cikin abin da kika ji. Iyaka ɗaya ce, kuma tun farkon zama za ki faɗe ta: idan rai yana cikin haɗari, nasa ko na wani, za ki sanar da wanda zai taimaka.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin yana cin mai yin sa. Za ki koma gida da labaran da za su hana ki barci, kuma wata rana, duk da kin yi duk abin da ya kamata, za a rasa wani. Yawancin guraben ƙungiyoyi na kwantiragi ne, suna ƙarewa idan tallafi ya ƙare, don haka kada ki yi saurin ajiye aikinki na asibiti. Kafin ki sa hannu ki tambaye su: wane ƙwararre ne zai riƙa zama da ke a kai a kai kuna duba aikinki da halin da zuciyarki take ciki, wane asibiti za ki tura mutum, wa za ki kira da tsakar dare, kuma mutum nawa za ki gani a rana. Idan suka amsa waɗannan da gamsarwa, shawarata ki karɓi horon, ki kuma roƙi Baba ya raka ki ofishinsu ya ji bayani da kunnensa.

Ga sauran masu karatu: duk wanda yake cikin irin wannan hali a yanzu, ko ya san wani, don Allah kada a jira gobe. A gaya wa wani amintacce yau, a je asibiti mafi kusa, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ke kuma 'yar'uwa Allah ya yi miki jagora.