Yadda Kwamfuta Take Tayar da Ayyukan Ɓoye

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara ayyukan da kwamfuta take gudanarwa a ɓoye, kamar haɗa ta da intanet.

A tsarin Unix, wanda aka soma ƙirƙira a 1969, da zarar an kunna na'ura sai wani shiri mai suna init ya tashi. Lambarsa 1, kuma shi ne uban sauran; in ya mutu, na'urar ta tsaya cak.

A System V, init yakan karanta fayil ɗin inittab, sa'an nan ayyuka su tashi bi da bi, gwargwadon lambar kowanne. In mai kula ya kuskure lamba, aikin da ke buƙatar intanet sai ya riga ta tashi, ya faɗi.

A 2010 aka fito da systemd. A nan kowane aiki yana da fayil ɗinsa mai bayyana abin da zai jira. Waɗanda ba su jiran juna sukan tashi tare. Debian ta koma kansa a 2015. Saboda haka wajibi ne mai kula ya san wane aiki ya dogara da wane.