Rushewa da gini a cikin jikinmu

A watan Yuli da na Agusta noma ya fi tsanani, kuma a lokacin ne hatsi yake ƙarewa a rumbu. Manomi yana cikin gona tun da asuba, amma cimaka kaɗan ce. Kafin kaka sai mu ga wandonsa ya yi masa yawa. Ina naman jikinsa ya tafi?

Ayyuka biyu jikinmu yake yi dare da rana: rushewa da gini.

Idan muka sha fura ko muka ci tuwo, hanji yakan farfasa hatsin har ya zama sukari, ya shiga jini. Jini ya kai shi ko'ina cikin jiki. A can ne yake haɗuwa da iskar da muke sheƙa, ya ƙone sannu a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Wannan ita ce rushewa, kuma ita take ba da ƙarfi. Wani sashe na ƙarfin yakan zama ɗumi, shi ya sa jikin mai lafiya yake tsaye a digiri 37. Saura kuwa jiki yakan zuba shi cikin wani sinadari da masana suke kira ATP. Mu ɗauka gero takardar jikka ce, ATP kuwa canji ne. Ba a sayen gishirin dala biyar sai an fasa jikka.

Gini kuwa ci yake yi. Jiki yana ɗaukar abin da ya samu daga wake, gujiya, nono, ƙwai ko nama, ya gina tsoka da fata da jini. Jajayen ƙwayoyin jini wajen kwana 120 suke yi, sai a sake wasu. Kowane tubali da aka ɗora, da wancan canji ake biyan sa. Ko muna barci, maginin bai tsayawa.

To, idan cimaka ta kasa fa? Zuciya da ƙwaƙwalwa ba su jiran kaka. Sai jiki ya buɗe ajiyarsa. Akwai sukari a hanta, amma wajen kwana ɗaya yake yi. Daga nan sai kitse. Idan yunwa ta daɗe, jiki yakan rushe tsokarsa don ya sami ƙarfi, kamar mutumin da ya zare azarar ɗakinsa ya hura wuta da ita. Can naman manomi ya tafi.

Babba yakan maida jikinsa bayan girbi. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne ƙaramin yaro. Shi gininsa bai ƙare ba, ajiyarsa kaɗan ce, ga masassarar damana. Duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, ƙarfin da jiki yake kashewa yakan ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin goma. A lokacin ne kuma yaro yake ƙin ci. Mukan ba shi kunu tsararo, mu ce ya sha. Gaskiya ruwa ne ya cika masa ciki.

Ana auna ƙarfin cimaka da kalori. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9. Na garin hatsi bai kai 4 ba. Saboda haka, daga wata 6, mu dama wa yaro kunu mai kauri, mu zuba ƙaramin cokali ɗaya na man gujiya, mu ƙara garin ƙuli-ƙuli ko na wake. Mai da hatsi su biya magini, wake ya kawo tubali. Kada a tsaida nono. Uwa mai shayarwa ita ma gini take yi, tana bukatar ƙarin wajen kalori 500 a rana, sai a ƙara mata rabo.

Idan yaro ya warke, mu ƙara masa ci sau ɗaya kowace rana har sati biyu. Idan kuwa muka ga damtsensa ya tsuke, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, alamar tamowa ce. A kai shi asibiti ran nan, a auna damtsen.