Funfuna Mai Amfani a Yaƙi da Ƙwaron Ayaba

Gabatarwa

Bahaushe ya san funfuna da ɓata tuwo da hatsi idan sun ji damshi. Sai dai akwai irinta da ke kashe ƙwari, har manomi ya ci moriyarta. Wannan darasi zai bayyana yadda aka jarraba ta wajen kare ayaba a ƙasar Yuganda, inda ayabar dafuwa, wato matoke, take babban abincin jama'a.

Ƙwaron ayaba da ɓarnarsa

Ƙwaron da masana ke kira Cosmopolites sordidus baƙi ne, tsawonsa bai kai santimita 2 ba, kuma da dare yake yawo. Macen takan saka ƙwai a gindin shuka. Idan tsutsa ta ƙyanƙyashe, sai ta yi ta haƙa ramuka a cikin kututturen da ke ƙarƙashin ƙasa. Daga nan ruwa da abinci su kasa hawa sama yadda ya kamata, nonon ayaba ya ƙanƙance, iska kuma ta riƙa kayar da shuka kafin 'ya'yanta su nuna. Tunda tsutsar a ɓoye take, feshin guba ba ya cim mata da sauƙi. Ga tsada, ga haɗari ga lafiyar manomi, a wasu wuraren ma ƙwaron ya daina jin gubar.

Yadda funfunar ke aiki

Funfunar da aka fi jarrabawa ita ce Beauveria bassiana, wadda ke rayuwa a cikin ƙasa. Ta ci sunan masanin Italiya Agostino Bassi, wanda ya nuna a 1835 cewa ita ce ke kashe tsutsar siliki. Ba sai ƙwaro ya ci ta ba. Da zarar ƙwayoyin irinta sun manne a jikinsa, sai su tsira, su huda ɓawonsa, su yaɗu a cikinsa har ya mutu bayan 'yan kwanaki. Daga baya farar funfuna ta lulluɓe gawar, ta fitar da sabon iri da zai kama wasu ƙwarin.

Masu bincike a tashar Kawanda ta Yuganda, tare da cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan, sun bi hanyoyi uku. Ta farko, a raini funfunar a kan ɓarzajjen masara, a zuba a gindin ayaba. Ta biyu, a sa ta a tarkon da aka yi da tsagin jikin ayaba, domin ƙwaron da ya zo fakewa ya ɗauke ta ya kai wa 'yan'uwansa. Ta uku, a tsoma saiwar dashe a ruwan irin funfunar, ta zauna a cikin shukar ba tare da ta cutar da ita ba, ta tari tsutsa a maɓoyarta.

Iyakar wannan dabara

Funfuna abu ne mai rai, don haka tana da sharuɗɗa. Hasken rana da fari suna kashe irinta, damshi da inuwa kuwa suna rayar da shi. Aikinta ya fi na guba jinkiri, kuma samar da ita da yawa yana cin kuɗi. Saboda haka dole a haɗa ta da tsabtar gona: a dasa 'ya'yan ayaba masu lafiya, a fere gindinsu kafin dashe, a kuma daddatsa jikin ayabar da aka girbe don ya bushe da wuri.

Kammalawa

An ga cewa maganin ƙwaron ayaba yana iya fitowa daga ƙasar da yake ɓarna a cikinta, muddin manomi ya kiyaye sharuɗɗansa. Wajibi ne malami ya fahimci wannan, domin ya iya bayyana shi ga ɗalibai da Hausa tsantsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa feshin guba ba ya wadatarwa a kan ƙwaron ayaba?
2. Bayyana matakan da funfunar ke bi har ta kashe ƙwaro.
3. Danganta karin maganar nan da darasin: da ɗan gari akan ci gari.