Takalmi da Ƙullutun Babban Yatsan Ƙafa

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26. A cikinsu akwai wani dogo wanda babban yatsa yake haɗe da shi. Idan wannan ƙashi ya goce waje, yatsan kuwa ya karkata wajen 'yan'uwansa, sai ƙullutu ya fito a gindinsa. Galibi gado ne, kuma ya fi samun mata. Amma matsattsen takalmi mai tsinin baki yana tsananta shi, haka kuma mai dogon dunduniya, gama yana tura nauyin jiki bisa yatsu.

Wanda ya saba da fade a gida, in ya zauna ƙasar sanyi kamar Ingila, tilas ya sa sau-ciki. To, sai ya nemi mai faɗin baki, mai taushin fata, mai gajeren dunduniya. Ya gwada shi da maraice, lokacin da ƙafa takan ɗan kumbura, yana tsaye, ya bar sararin santimita 1 gaban yatsu.

Takalmi yana rage zafi, amma ba ya miƙe ƙashi, sai dai aikin tiyata. Mai ciwon sukari kuwa, da ya ga gyambo a wurin, lalle ya hanzarta zuwa wurin likita.