Lambar da ka ɗauko daga rumbun bayanai, ta wane ce?

Akwai wani kuskure da nake yawan tararwa idan aka kira ni duba manhajar makaranta ko ta shago, kuma yana damuna domin talaka yake cuta. An shigar da sunan ɗalibi, rumbun bayanai ya ba shi lamba da kansa, sai mai rubuta manhajar ya bi da SELECT MAX(id) don ya samo lambar ya liƙa ta a rasidin kuɗin makaranta. A kwamfutarsa komai lafiya lau, tunda shi kaɗai ke shigar da bayani. Ranar da aka buɗe rajista iyaye suka yi caa a kan shafin, mutum biyu suka shigar kusan lokaci guda, shi ke nan. MAX ba ta san mai tambayarta ba, lamba mafi girma a teburin kawai take miƙowa. Rasidin wannan ya hau sunan wancan, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito. Sai uba ya zo ofis da takardar banki a hannu ana ce masa bai biya ba.

Masu ƙara ɗaya a kan MAX su ƙirƙiri lambar da kansu sun fi shiga haɗari, domin mutum biyu na iya ƙirƙiro lamba iri ɗaya.

A MySQL, LAST_INSERT_ID() tana dawo da lambar da haɗinka da rumbun ya samar, ko da dubu suna shigarwa tare da kai. Masu PHP suna samunta ta lastInsertId() na PDO ko mysqli_insert_id(). Sharaɗinta shi ne a tambaya ta haɗin da aka yi shigarwar. Yawancin manhajojin yau suna ajiye tarin haɗe-haɗe ne suna aro suna mayarwa, to idan ka mayar da naka kafin ka tambaya, kana iya faɗawa kan wani haɗin ka karɓo lambar da ba taka ba. Sannan idan ka zuba layuka da yawa a umarni ɗaya, lambar layin farko za ta ba ka.

Masu SQL Server, ku yi hattara da @@IDENTITY. Idan teburin yana da umarnin da ke tashi da kansa ya rubuta a wani tebur, misali teburin tarihin canje-canje, lambar wancan teburin za ta dawo muku da ita. Manhaja tana iya shekara tana aiki daidai, ranar da wani ya ƙara irin wannan umarni sai ta fara kawo shirme. SCOPE_IDENTITY() ba ta da wannan matsala, kuma tun fitowar 2005 akwai OUTPUT, wadda ke sa shigarwar kanta ta dawo da lambar.

Ni dai na fi natsuwa da hanyar da shigarwar kanta ke dawo da lambar, ba sai an sake tambaya ba. PostgreSQL tana da RETURNING tun fitowar 8.2 a 2006: ka rubuta INSERT ɗinka, ka ƙare da RETURNING id, ko layuka ɗari ka zuba kowanne zai zo da lambarsa. SQLite ta samu irinsa a 2021, MariaDB kuma daga 10.5. A Java akwai getGeneratedKeys().

Kuma a haɗa shigar da ɗalibin da rubuta rasidinsa a mu'amala guda, yadda in ɗaya ya faɗi duka za su koma. Kafin ka miƙa aiki, rubuta ɗan shirin da zai shigar da layuka daga haɗi hamsin a lokaci ɗaya, ka bi rasidan ɗaya bayan ɗaya ka ga ko kowanne yana kan sunan mai shi.