Amsoshin Tambayoyinku: Sake Fasalin Aiki ko Manhajar ERP?

Wani matashi daga unguwar Hubbare a Sakkwato, wanda ya karanta harkokin kasuwanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana tambaya: wace sana'a ce ta fi, sake fasalin ayyukan kamfani ko aikin manhajar ERP?

Ta farko ta yi tashe ne bayan rubutun Ba'amurke Michael Hammer na 1990. Ya kawo misalin kamfanin Ford, inda ma'aikata kusan 500 ke aikin biyan 'yan kwangila, alhali mutum biyar ke yin sa a kamfanin Mazda. Mai wannan sana'a yakan bi takarda daga tebur zuwa tebur, ya gano inda take kwana, ya ce a soke matakin. Aiki ne na jure fushin mutane, kuma ba kasafai ake damƙa shi ga sabon hannu ba.

Ita kuwa ERP manhaja ce da ke haɗa lissafin kuɗi, albashi, sito da saye wuri guda, irin ta SAP, kamfanin Jamus da aka kafa a 1972, ko ta Oracle. Tsarin albashi na IPPIS da gwamnatin tarayya ta fara a 2007 ɗan'uwanta ne.

Shirin Amsoshin Tambayoyinku na ganin ƙofar ERP ta fi faɗi ga matashin, domin tana da takardar shaida da ma'aikatu suka sani. Ya zaɓi ɓangare ɗaya, kamar na kuɗi, ya ƙware. Bayan wasu shekaru yana ganin yadda aiki ke tafiya, zai iya komawa sake fasali.