Kunkurun Teku da Kififfiya: Shawara ga Masunta da 'Yan Kasuwar Oloumi

Daga watan Oktoba zuwa Maris, kunkurayen teku mata kan hauro rairayin gaɓar Gabon da dare domin saka ƙwai, kuma a wannan lokaci ne masuntan da ke sauke kifi a Oloumi, cikin Libreville, suka fi tsintar su a cikin raga, har a riƙa tallan nama da ƙwai a ɓoye. Iri huɗu ne aka fi sani a ruwan ƙasar, kuma doka ta haramta kama su da sayar da su baki ɗaya. Babbansu shi ne mai bayan fata, wanda maimakon ƙoƙo mai tauri, fata ce mai kauri ta rufe bayansa da tudun layuka bakwai, nauyinsa kuma kan haura kilo 300. Wani bincike na shekarar 2009 ya nuna babu ƙasar da irin wannan ya fi yin ƙwai a cikinta kamar Gabon, musamman a gandun Mayumba da na Pongara, wanda ke tsallaken mashigin kogin Komo, daura da Libreville.

Kififfiyar kogin Ogooué da tafkunan Lambaréné daban take, domin tana da farata da dogon wuya da hanci kamar bututu, ga cizo. Kunkurun teku kuwa ƙafafunsa na gaba faffaɗa ne tamkar filafilin kwalekwale, kuma ba ya iya shigar da kansa cikin ƙoƙo. Da wannan mai saye zai gane abin da aka miƙo masa.

Asarar uwa guda ta mai bayan fata ba ƙaramin abu ba ne. Takan haƙa rami mai zurfi da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai farare masu laushin ɓawo kusan tamanin, ta binne su, ta koma teku ba tare da ta sake waiwayarsu ba. Zafin yashi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kimanin kwana sittin, kuma shi ne ke tantance jinsi: idan ya wuce kimanin digiri 29, mata kan fi yawa. Masana na ƙiyasta cewa da kyar ɗaya cikin dubu ke kai wa ga girma, bayan kaguwa da tsuntsaye da kifaye sun ci rabonsu, wanda ya tsira ma sai ya shafe shekaru masu yawa kafin ya fara haihuwa.

Saboda haka, masuncin da kunkuru ya faɗa ragarsa ya yanke zaren da ya naɗe shi a hankali, kada ya ɗaga shi ta ƙafa. Idan ya sume, kuskure ne a jefa shi ruwa nan take, tunda da huhu yake numfashi kuma nutsewa zai yi. A kwantar da shi rub da ciki a inuwa, a ɗan ɗaga bayansa domin ruwan da ya shaƙa ya fito, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ban da hanci, sai ya motsa da ƙarfi a sake shi.

'Yan kasuwa ma suna da nasu alhakin, domin ledar da ruwan sama ke kwasa daga kwatoci zuwa teku takan yi kama da wata halittar teku mai yauƙi da mai bayan fata ke ci, ya haɗiye ta, ta toshe masa hanji. Wanda ya ga uwa tana haƙa rami ya kashe tocila, ya tsaya nesa a bayanta, wanda kuma ya tarar da mai rauni ya sanar da jami'an hukumar gandayen ƙasa ta ANPN.